Muhawara: Me ake saya a jikin agogon kronograf mai inji?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya ce da ni, don Allah kada a ɗauke ta raini. Na daɗe ina kallon hotunan agogunan nan masu maɓalli biyu a gefe da ƙananan da'irori a fuska, waɗanda kuke kira kronograf. Iya abin da na fahimta, aikinsu auna tsawon lokaci ne: ka danna allura ta tashi, ka sake dannawa ta tsaya. To wayar da ke aljihuna tana yin wannan, kuma ta fi su daidai nesa ba kusa ba. Me zai sa mutum ya zuba dukiya a kan agogon da sai an murɗa shi, har ma ya tara biyar ko goma?

Baba Mai Gyara:
Wa alaikumus salam ɗana. Babu raini a tambayarka, kuma gaskiyarka ce a kan daidaito. Agogo mai inji da ya ci jarrabawar hukumar COSC ta Suwizalan an yarda masa ya yi jinkirin sakan 4 ko ya yi gaba da sakan 6 a rana ɗaya. Agogon batir na talaka ba ya yin wannan kuskuren ko a mako. Duk wanda ya ce maka ya sayi kronograf mai inji don ya fi sanin lokaci, bai faɗa maka gaskiya ba.

Amma bari in gaya maka abin da ke faruwa a ƙarƙashin yatsanka idan ka danna maɓallin sama. A cikin injin akwai wani ɗan faifai mai ginshiƙai a tsaye a kansa. Dannawarka tana juya shi taki ɗaya tak. Akwai 'yan sanduna na ƙarfe da bakinsu ke jingine da faifan: wata ta faɗa tsakanin ginshiƙai biyu, wata kuma ginshiƙi ya ɗaga ta. A wannan ƙiftawar birki ya saki faifan allura, kuloci ya haɗa shi da injin da ke tafiya, allura ta kama hanya. Ka sake dannawa, kuloci ya janye, birki ya kama. Sai maɓallin ƙasa, wanda shi ne ya fi burge ni har yau. Guduma ce take faɗowa a kan wani ƙarfe mai siffar zuciya da ke manne da allurar. Saboda wannan siffa, ko a ina allurar ta tsaya, dole ta koma sifili ta hanya mafi kusa. Babu wuta, babu batir, babu kwamfuta. Sifirin ɗaya da ka murɗa da hannunka shi ke ɗauke da duk wannan aiki.

Sauran agoguna kallon su kawai kake yi suna tafiya. Wannan kuwa kai ne ke ba shi umarni, kuma kana jin amsarsa a yatsanka. A nan sha'awar ta samo asali.

Hajiya Mai Lissafi:
Baba, bayaninka ya shiga, Allah Ya ƙara basira. Sai dai ka amsa rabin tambayar yaron ne. Ya tambayi kuɗi. A Oktoban 2017 an sayar da Rolex Daytona na Paul Newman, ɗan wasan fim ɗin Amurka mai tseren mota, a gwanjon Phillips a New York kan dala miliyan 17.75. Faifai mai ginshiƙai ne ya kai wannan kuɗin? Ni ban yarda ba.

Baba Mai Gyara:
Ni ma ban ce shi ne ba, Hajiya. Zan ma ƙara miki hujja. Injin da ke cikin wannan Daytona ɗin ba Rolex ne suka ƙirƙiro shi ba, Valjoux 72 ne suka saya suka gyara. Irin injin nan yana cikin Heuer Carrera na farko da wasu agoguna da yawa da ba su kai ko kusa da wannan daraja a kasuwa ba. Wanda ya biya miliyan 17 sunan mutum ya saya, da rubutun da matarsa Joanne Woodward ta sa aka zana a bayan agogon tana roƙonsa ya yi tuƙi a hankali. Wannan wata kasuwa ce dabam da abin da nake magana a kai.

Malamin Tarihi:
Ina neman izini in shigo. Ɗan Koyo, ka ce wayarka tana yin wannan aiki. Haka ne, amma ka tuna shekara nawa aka yi babu wayar, kuma mutane suna da buƙatar auna sakan.

A 1816 Louis Moinet ya ƙera wata na'ura a Faransa don lura da taurari, tana auna kashi ɗaya cikin 60 na sakan. A 1821 Nicolas Rieussec ya kawo tasa wurin sukuwar dawaki a Paris, wadda ke ɗiga tawada a kan fuskar agogo duk lokacin da doki ya ƙetare layi. Matsalar waɗannan na farko ita ce yadda za a mayar da allura sifili cikin sauƙi, har Adolphe Nicole ya yi rajistar wannan ƙarfe mai siffar zuciya da Baba ya ambata a 1844. Ka duba, dabarar da ta haura shekara 180 ita ce har yau ke aiki a cikin sabon agogon da aka fitar bana. Daga aljihu kronograf ya dawo hannu a farkon ƙarni na 20, Longines suna da nasu a 1913, sannan Breitling suka ƙara maɓalli na biyu a 1934, wanda ya ba shi kamannin da ka sani yanzu.

Lambobin da ke zagaye da fuskar ma ba ado ba ne. Wanda ake gani a Daytona da Speedmaster na kamfanin Omega, na auna gudu ne. Ka danna a alamar kilomita ɗaya, ka tsayar a ta gaba. Idan sakan 30 aka yi, allura za ta nuna 120, wato kilomita 120 a awa. Akwai wanda aka yi wa sojoji: ka danna da ka ga walƙiyar igwa, ka tsayar da ka ji ƙararta, agogo ya gaya maka nisan wurin, tunda sauti yana cin kusan kilomita ɗaya a sakan uku. Da walƙiya da tsawa ma za ka iya gwadawa.

Anti Nas:
Malam ka bar namu. Akwai na likitoci, wanda aka rubuta ma'aunin bugun zuciya a gefensa. Ka danna, ka ƙirga bugu 30 a hannun majinyaci, ka tsayar, allura ta nuna maka bugu nawa ne a minti ba sai ka yi lissafi ba. Wasu ma na bugu 15 ne. Ni wannan ne kaɗai nake so a duk cikinsu, kuma ba don tsada ba. Wani ya zauna ya yi tunanin mai jinya da ke tsaye a kan gado da dare, ya sauƙaƙa masa aiki da zane kawai.

Hajiya Mai Lissafi:
Duk na ji. Amma ku lura, abin da kuke lissafowa aikin da ya wuce ne. Likita na yau ba ya auna bugu da agogon Suwizalan, direban tsere ma haka. Kamfanoni sun gane aikin ya mutu, sai suka koma sayar da labari. Kowace talla sai an ce maka zuwa duniyar wata, sai an ce maka filin tsere. Agogon da ke cikin kanti yau bai taɓa zuwa wata ba.

Malamin Tarihi:
Bai je ba, Hajiya, amma labarin ba ƙirƙirarre ba ne, kuma ya kamata a bambanta. NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ba talla ta yi wa Omega ba. Ta karɓi agoguna daga kamfanoni, ta gasa su da zafi, ta daskarar da su, ta girgiza su, ta saka su inda babu iska. Na Rolex da na Longines-Wittnauer suka gaza, Speedmaster ya tsira, aka amince da shi a 1965. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A Yulin 1969 ɗan sama-jannati Buzz Aldrin ya taka wata da nasa a hannu. Neil Armstrong ya bar nasa a cikin kumbo saboda agogon lantarkin kumbon ya samu matsala.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Apollo 13 a Afrilun 1970. Tankin iskar oksijin ya fashe, suka kashe kusan duk na'urori don tattalin wuta. Ana buƙatar a kunna injin kumbo na sakan 14 don gyara hanyar dawowa duniya. Jack Swigert da agogon hannunsa ya auna. Mutum uku suka dawo da rai. Idan mutum ya ɗaura irin wannan agogon yana tuna wannan, ni ban ga laifinsa ba.

Alhaji Dillali:
Ni dai ta fuskar kasuwa zan yi magana, don ita na sani. Abu uku ke ɗaga farashin tsohon kronograf: ƙarancinsa, lafiyar jikinsa, da wanda ya taɓa mallakarsa. Ku ɗauki Patek Philippe 1518 da aka fara a 1941, kronograf haɗe da kalandar da ta san watan Fabrairu da shekara mai kwana 366. Guda 281 aka yi gaba ɗaya, mafi yawa na zinariya. Na farin ƙarfe huɗu kacal aka sani. Ɗaya daga cikinsu ya tashi kan faran miliyan 11 na Suwizalan a Geneva a 2016. Ƙarfe ya doke zinariya saboda babu shi. Wanda ya iya saye, ajiya ce mai kyau.

Hajiya Mai Lissafi:
Alhaji, a nan ne zan tsaya maka. Kalmar ajiya ita ke jefa yara cikin asara. Kana kawo misalin agogo huɗu a duniya don ka tallata dubbai. A 2021 zuwa farkon 2022 farashin Daytona na ƙarfe a hannun 'yan sari ya ninka na kanti fiye da sau biyu, mutane suna rububi, wasu da bashi. Daga bazarar 2022 kasuwar ta juyo ƙasa, ta daɗe tana gangarawa. Wanda ya saya a ƙololuwa ina ribarsa? Sannan agogo ba ya haihuwa. Kuɗin gyara ne ma yake ci duk bayan 'yan shekaru, ga inshora, ga kason gidan gwanjo idan ka tashi sayarwa.

Alhaji Dillali:
Ban musa ba an yi hauka a wancan lokacin. Ni ban taɓa ce wa kowa ya ci bashi ya sayi agogo ba. Amma na ƙwarai na asali bai faɗi kamar na yayi ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Wa ke tabbatar da na asalin? A Nuwamban 2021 an sayar da wani Speedmaster na 1957 a gwanjo a Geneva kan faran miliyan 3.1. Omega da kansu suka saya don gidan tarihinsu. A 2023 ta bayyana cewa haɗe-haɗe ne, an tattaro sassa daga agoguna dabam-dabam an harhaɗa, kuma kamfanin ya zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa da hannu a ciki. Idan kamfanin da ya ƙera agogon zai iya faɗawa wannan rami, ina ga Ɗan Koyo?

Shugaban Zaure:
Jama'a muhawara ta yi daɗi, a ci gaba da mutunta juna. Alhaji da Hajiya, kowa ya faɗi hujjarsa. A bar Baba ya ce wani abu a kan wannan batu na asali, shi ke buɗe su.

Baba Mai Gyara:
Maganar Hajiya gaskiya ce, kuma abin yana damuna ƙwarai. Tsohon agogo da ya yi shekara 60 ana amfani da shi, da wuya a ce ba a taɓa canza masa komai ba. Da can idan ka kai gyara, mai gyara zai cire fuskar da ta dafe ya sa sabuwa, ya canza allurai, ya goge jikin har ya yi ƙyalli, kuma a lokacin kyautatawa ce. Yau masu tarawa suna ganin wannan ɓarna ce. Gugar inji tana cin kusurwoyin ƙarfe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Baƙar fuskar da rana ta mayar ruwan ƙasa, wadda da aibi ce, yanzu ita ake nema. To da zarar an ce tsufa kuɗi ne, sai a samu masu tsofar da fuska da gangan. Wannan shi ne gefen harkar da ba na so.

Abin da ya riƙe ni a cikinta dabam ne. Ku dubi 1969. Rukuni uku suna tseren fitar da kronograf na farko mai murɗa kansa da motsin hannu. Zenith suka sanar da injinsu El Primero a Janairu, yana bugu 36,000 a awa, wato goma a sakan, don haka yana auna kashi ɗaya cikin goma na sakan. Heuer da Breitling da Hamilton-Buren da Dubois Dépraz suka haɗa kai suka fito da Calibre 11 a Maris. Seiko a Japan suka sa 6139 a kasuwa a wannan shekarar ba tare da hayaniya ba. Har yau ana gardamar wa ya riga. Sai ga shi a Disambar shekarar Seiko ɗin suka fitar da Astron, agogon batir na kwatz, wanda ya kusa kashe sana'ar gaba ɗaya. Ma'aikatan agogo a Suwizalan daga kusan 90,000 suka koma kusan kashi ɗaya cikin uku.

A 1975 masu Zenith na lokacin, wani kamfanin Amurka, suka ba da umarni a daina inji a sayar da kayan aikin a matsayin tarkace. Wani ma'aikaci, Charles Vermot, ya roƙa aka ƙi. Sai ya riƙa kwashe kayan buga sassa da zane-zane a ɓoye, yana kai su ɗakin saman masana'antar, yana rubuta komai a tsare. Bayan kusan shekara goma da aka dawo neman inji, ya nuna inda suke. Wannan El Primero ɗin ne Rolex suka sa a Daytona daga 1988 har zuwa 2000, bayan sun rage bugunsa zuwa 28,800. Mutumin nan ba mai kamfani ba ne, ba mai gwanjo ba ne. Mai sana'a ne da ya ƙi yarda ilimi ya mutu. Idan na buɗe El Primero a kan teburina, shi nake tunawa.

Ɗan Koyo:
Baba wallahi wannan labarin ya shige ni. To ina ganin ana yawan cewa wai mai faifan ginshiƙai shi ne na manya, ɗaya nau'in kuma na talakawa. Mene ne gaskiyar?

Injiniya:
Bari in taya Baba. Ɗaya nau'in maimakon faifai mai ginshiƙai yana amfani da wasu faranta biyu masu lanƙwasa da ke kai da komo. Ya fi sauƙin ƙerawa da gyarawa, shi ya sa ya fi araha. Valjoux 7750 na Edmond Capt, wanda ya fito a farkon shekarun 1970, haka yake, kuma da wuya a samu injin kronograf da aka yi da yawa kamarsa. Maɓallinsa ya ɗan fi tauri, shi ke nan. Omega ma a 1968 sun bar inji 321 mai ginshiƙai suka koma 861 mai faranta, kuma NASA ta ci gaba da amfani da shi. Masu cewa na talakawa ne ado suke magana, ba ƙarko ba.

Inda bambanci na gaske yake shi ne kuloci. Na gargajiya haƙoran faifai biyu ne ke shiga juna daga gefe, shi ya sa wani lokaci za ka ga allura ta ɗan yi tsalle wajen tashi. Na zamani faranti ne a kan faranti suna matse juna, kamar kulocin mota. Ba tsalle, kuma kana iya barin allurar tana gudu kullum ba tare da cin haƙora ba. Seiko 6139 da Rolex 4130 na 2000 duk haka suke. Ni a wurina wannan ya fi.

Baba Mai Gyara:
Ya fi a aiki, Injiniya, ban ja ba. Amma a ido fa? Na zamanin a rufe yake, ba ka ganin komai. Ka juya bayan Datograph na A. Lange & Söhne, wanda aka fitar a 1999 a Glashütte ta Jamus, ka danna maɓalli kana kallo ta gilashi. Za ka ga sanda ta motsa, faifai ya matso ya kama ɗan'uwansa. Kowace sanda an goge gefenta da hannu, gadar da ke riƙe da balans, wato faifan da ke kai da komo yana daidaita bugun agogo, an zana mata fure da hannu, babu biyu da suka zama iri ɗaya. Wannan agogon ne ya tayar da manyan Suwizalan daga barci. Patek Philippe a lokacin injin kamfanin Lemania suke gyarawa suna sa wa kronograf ɗinsu na murɗawa, sai a 2009 suka fito da injin gida da zai maye gurbinsa. Sannan na gargajiyar ina iya warware shi ɗaya bayan ɗaya in wanke in sa mai. Na zamanin sau da yawa sai dai a cire kulocin ɗungurungum a sa sabo, idan kamfanin ya yarda ya sayar maka.

Injiniya:
Wannan ta ƙarshen matsala ce babba, na yarda. Kamfanoni da yawa sun daina sayar wa masu gyara masu zaman kansu sassa.

Hajiya Mai Lissafi:
To kun ga inda muka zo. Idan abin so shi ne injin da aikin hannu, ni ba ni da ja, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce wa yaro jari ne. Ɗan Koyo, idan za ka saya, sayi da kuɗin da ko ya tafi ba zai hana ka barci ba.

Alhaji Dillali:
A kan wannan ni da Hajiya bakinmu ɗaya. Sauran kuma muna nan.

Ɗan Koyo:
Na gode iyayena. Tambaya ta ƙarshe: wanda ba shi da ƙarfin waɗannan manyan, amma yana so ya ji abin da Baba ya kwatanta a yatsansa, ta ina zai fara? Kuma me zai duba?

Baba Mai Gyara:
Ba sai ka taɓa manyan ba. Kamfanin Venus na Suwizalan ya sayar wa China kayan ƙera injinsa mai lamba 175 a farkon shekarun 1960, masana'antar Tianjin ta yi wa sojojin sama agogo da shi. Jikan wannan injin shi ne Seagull ST19, yana da faifai mai ginshiƙai da kuloci na gargajiya, kuma da yawa bayansu gilashi ne. Gamawarsa ba ta kai ta Jamus ba, wani lokaci ma sai an sake daidaita shi, amma duk motsin da na faɗa maka za ka gan shi da idonka. In ka fi son mai juriya, nemi mai 7750, kusan duk mai gyara ya san shi.

Idan agogon ya zo hannunka, murɗa shi ya cika, ka danna na sama ka ga ko allura ta tashi ba tare da agogon ya tsaya ba. Bar ta ta zagaya, ka lura ko ƙaramar allurar minti ta matsa daidai lokacin da babbar ta kai 12. Tsayar, ka danna na ƙasa, duk allurai su koma sifili cif, ba kusa da sifili ba. Maimaita daga wurare dabam-dabam na fuskar. Kada ka matsa na ƙasa da ƙarfi alhali allura tana gudu, sai in agogon irin na matuƙa jirgi ne da aka yi shi don haka, kamar Longines 13ZN na 1936. Kada ka danna maɓalli a cikin ruwa ko da an rubuta yana jure ruwa. In tsoho ne, ka nemi hoton injin kafin ka biya, ka tambayi yaushe aka wanke shi, kuma ka sa kuɗin wankin a lissafinka tun farko, don gyaran kronograf ya fi na agogo mai allura uku tsada. In ka samu wanda ya kwanta maka, ɗora hotunan gaba da baya da na injin a nan mu duba tare kafin ka tura kuɗi.